Farin Fentin da Ya Kashe Mini Hannu

Wata bakwai ke nan ban sa komai a shafin nan ba. Masu tambaya ko na daina zanen biki, da masu aiko saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri. Ban iya riƙe waya ba sai kwanan nan.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zira. Ina zana ango da amarya da fentin mai a wurin liyafa, suna zaune ana rawa, in gama kafin a tashi. Na soma tun ina makaranta, na ci gaba bayan na kammala digiri.

Da muka dawo Mubi daga gudun hijira, bukukuwan da aka ɗage suka taso gaba ɗaya. Amma shagon da nake sayen fenti bai sake buɗewa ba. Farin fenti ne ya fi saurin ƙare mini, domin rigar amarya tana cinye shi. Sai na sayi wata farar hoda a kasuwa, irin ta masu fentin ƙofa, babu suna a jikin ledar, ina kwaɓawa da man fenti.

Saboda sauri, burushi ɗaya a hannu, ɗaya a baki. Ninkin rigar da yatsa nake shafa shi. In an kawo shinkafa in goge hannu da tsumma in ci.

Ciwon ciki ne ya fara. Sai rashin bayan gida har kwana biyar. A kemis aka ce taifot, daga baya aka ce olsa. Na shanye magungunan duka, ina rubuta lokacin kowanne a takarda.

Wata Asabar, a wani biki a Mayo Bani, na gama fuskar ango, na ɗauki farin zan shiga rigar amarya, burushi ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Hannuna na dama ya saki daga wuyan hannu, ya ƙi ɗagowa.

Abokin ango ya ce, “Mai zane, kyan amarya ne ya rikita ka?” Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ban ƙarasa zanen ba.

Yayata Kuve ce ta kai ni asibiti a Yola. Saura wata uku aurenta, kuma tun ina aji ɗaya a jami'a take cewa ni zan zana ta. A mota ta ce, “Kar ka yi mini wayo, ɗan ƙanena. Ciwon nan ba zai hana ka aikina ba.”

Aka ce jinina ya yi ƙasa. Likita ta ɗaga leɓena ta daɗe tana duba dasashi, sannan ta ce, “Wane aiki kake yi?” Na gaya mata. “Kana sa burushi a baki?” Na ce e.

Aka aika jinina wani gari, muka jira kwana goma sha ɗaya. Gubar dalma ce. Tana cikin hodar.

Na tambaye ta ko hannun zai dawo. Ta ce, “Gubar za mu rage ta. Jijiya kuwa ba a yi mata gaggawa, ba zan yi maka alkawari ba.”

Maganin ma sai da aka nemo shi daga nesa, kawuna ya biya. Kwana goma sha tara na yi a kwance, allura, ƙarin ruwa, gwajin ƙoda. Mama tana ba ni kunu a baki tana cewa, “Digiri guda, ka rasa abin ci sai fenti.” Sai ta fita waje ta daɗe.

Bayan sallama aka sa mini abin tallafe hannu, na soma zuwa asibiti ana yi mini gashin hannun. Kowace safiya nakan gwada ja layi a takarda. Sati guda kafin bikin na kira Kuve na ce ba zan iya ba.

Ta ce, “To ka zo ka ci shinkafa kamar kowa. Dama ba ka taɓa zama a biki ba.”

Ranar bikin na zauna a layi na biyu. Hasken rana ya faɗo a kafaɗar rigar Kuve, na san daidai launin da zan haɗa, na san inda zan fara. Hannuna yana kan cinyata. Mai hoto ya ce in yi murmushi.

Yau cikina lafiya, jini ya dawo daidai. Ina riƙe cokali, ina rubuta sunana. Siririn layi har yanzu yana karkacewa, kuma bikin Kuve ya wuce, ba za a sake shi ba.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa Mama, da Kuve, da kawuna, da likitar da ta tambayi aikina. Ma'auratan Mayo Bani, kun aiko gaisuwa ba ku taɓa tambayar zanenku ba. Na gode.

Masu zane da masu fentin gida: kada ku sayi hodar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba. Burushi ba ya shiga baki. Ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, tsumma ba ya isa. In ciwon ciki ya ƙi jin magani, ku gaya wa likita sana'arku tun kafin ya tambaya. Ni wata huɗu na yi ina shan maganin olsa, ina zuwa biki da burushi a baki.