Duwatsun Niƙan da Na Kusa Binnewa

Har yau ban manta da ranar da na kashe katafila ba tare da izinin kowa ba.

A shekarun casa'in ne, ina sabon direba a wani ƙauyen haƙar zinariya da ke kudu da Madina. Ina cikin wata ukun gwaji, kuma a ƙa'ida duk wanda ya tsayar da aiki babu dalili, sallama ce. Ga mata da jariri na baro a unguwar Sih, cikin birnin Madina.

An umarce ni in share wani gangare don a fitar da hanyar manyan motoci. A takardar injiniya, tarkace aka rubuta wa wurin. Na tura sau biyu, a na uku wani dutse ya juya, na hango cikinsa a lotse, sumul. Na sauko na duba. Ashe duk gangaren duwatsun niƙa ne, ga 'ya'yansu nan warwatse.

Ni kuwa a gaban kakata na tashi, wadda ta zo hajji a ƙafa daga Katsina ta zauna. Duk rayuwarta a kan dutse ɗaya ta yi niƙa, amma lotsawarsa ba ta wuce yatsa biyu ba. Waɗannan, hannuna ya nutse har wuyansa. Kuma ba hatsi aka niƙa ba, dutse aka niƙa a kan dutse ana neman zinariya.

Sai ga mai kula da mu, Ammu Bashir, Bahaushen Sudan, ya taho yana kumfar baki.

"Ya Usman, esh fi, me ya faru? Dawam bai ƙare ba, lokacin tashi bai yi ba, ka kashe inji!"

"Ammu, sa hannunka nan tukuna, sannan ka kore ni."

Ya harare ni, ya tsuguna, ya sa.

"Subhanallah," ya ce a hankali. "Mutum nawa suka ƙarar da ƙarfinsu a nan?"

Shi da kansa ya kai wa injiniya rahoto. Masana tarihi suka zo, suka ce wasu duwatsun sun girmi zuwan Musulunci. Aka killace wurin, aka karkatar da hanya, ni kuma ba a kore ni ba.

To samarin direbobi, wannan kwanar hanyar da kuke tsine mata kullum, ni na jawo muku ita. Ranar na gane ba mu muka fara wannan sana'a ba, mun dai zo da inji ne. Kafin ku tura abin da takarda ta kira tarkace, ku sauko ku taɓa shi da hannu.