Wanzami Meng da Matarsa Tome

Meng Fuhai wanzami ne a layinmu a birnin Hankou na ƙasar Sin, shagonsa yana jikin rumfar da nake sayar da awara. Da ƙuruciya ya yi aski a jiragen ruwan da ke zuwa Nagasaki, can ya auro 'yar Japan mai suna Tome. Ta fi shekara ashirin a cikinmu. Ta iya yarenmu har da ashar, kuma duk haihuwar da na yi ita ce a kaina. Ɗansu ɗaya ne, Shaoqing, yana makaranta.

A shekarar 1915 Japan ta miƙa wa gwamnatinmu jerin buƙatu. Manya suna Beijing suna tattaunawa a ɓoye, mu kuwa sai abin da jarida ta tsinto. A gidajen shayi ba a maganar komai sai ta za a sayar da ƙasa. Ɗalibai suka fara ƙona ashana da yadin Japan a tsakiyar titi.

Masu zuwa aski suka ɗauke ƙafa. Tsoho Pan mai gawayi, wanda Meng ke yi wa aski tun yana da suma, ya leƙo wata safiya ya ce, "Yaya Meng, askar ma ta surukanka ce? Bari in tsira da wuyana." Aka kwashe da dariya. Meng ya ci gaba da wasa askarsa.

Shaoqing ya daina cin girkin uwarsa. Daga baya ya ce wa uban ya mayar da ita inda ya ɗauko ta. Meng ya mare shi, shi kuma ya tattara ya koma wajen ɗalibai.

Da labari ya iso cewa an sa hannu a kan buƙatun, taron jama'a ya shigo layinmu da rana tsaka. Na cusa Tome bayan buhunan wake. Meng ya tsaya a ƙofarsa hannu wayam ya ce, "Jama'a, ai kun san ni."

"Mun san ka," in ji wani, aka sauke wa Meng sandar 'yan dako a ka. Suka farfasa madubi, suka fito da kujerar aski suka cinna mata wuta.

Da ofishin jakadancin Japan ya fara kwashe mutanensa, Meng yana kwance, da kyar yake magana. Ya roƙi Tome ta bi su kafin hankula su kwanta. Ta ƙi har sau biyu, sannan ta tafi da ƙullin kaya ɗaya.

Hannun Meng na dama bai ƙara motsi ba. Ya koma sayar da ruwan zafi a bakin kogi, inda jirage ke tsayawa. Bayan shekara uku wani matuƙi ya kawo labarin cewa Tome ta rasu a gidan yayanta, inda ba a barin ta ta ci abinci tare da iyali, don ita matar Basine ce.

Meng ya bi ta lahira a hunturun da ya biyo baya. Shaoqing ya zo jana'iza cikin kakin soja, ya durƙusa, ya tashi, bai kwana a garin ba.