Ƙafafu Shida na Tagulla

Shekarar da soja suka koma bariki ce likita ya gaya mana idon Baba ba zai gyaru ba. Ganin zai yi ta raguwa, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Baba tsohon fita ne, wato makanikin jirgi, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin kan jirgin ƙasa, kuma bayan ya yi ritaya ma sai da ya nemi gida a Agege dab da layin dogo. A ranar na ƙudurta zan ƙera masa ɗan ƙaramin kan jirgi irin na gawayi, mai tsawon kamu biyu, ya gan shi yana tafiya tun yana iya gani.

Ni gyaran kwamfuta nake yi a Ikeja. A ɗakin ajiya na bayan gida kuwa ina da tsohon injin sassaƙa ƙarfe, wanda na ɗaura wa ƙananan injinan da na ciro daga matattun firintoci, na haɗa su da wata kwamfuta da mai ita ya yafe. Sai in rubuta mata awo, ita ta tura wuƙar injin. Ranar da Baba ya fara leƙowa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko hannuna ne ya yi ciwo. Maganar ta ƙona min rai ƙwarai. Na saya wa ɗakin kwado, na rantse ba zai sake ganin komai ba sai jirgi ya tashi.

Gangar jiki da bututu ba su ba ni wahala ba. Ƙafafun ne suka nemi kashe ni. Guda shida ake so, na tagulla, kowace da ɗan leɓe a ciki mai riƙe dogo. Asabar da Lahadi kawai nake da su, wuta kuwa kamar da ni take gaba. Sai wuƙa ta yi rabin hanya a ɗauke, idan an kawo kwamfutar ta manta inda ta tsaya, ta danna wuƙar cikin tagulla kamar mahaukaciya. Ƙafa huɗu na zubar a haka. Maiɗakina ta ce in ba ta su ta riƙa danne labule, tunda dai sun ƙi zama jirgi.

Da ƙyar na haɗa shidan. Na auna su, ba wadda ta fi wata ko da gashi guda, samansu sumul kuma a miƙe. Na shimfiɗa ɗan dogo mai zagaye a kan katako, na sa batir. Jirgi ya tafi lafiya a miƙaƙƙen wuri, yana isa kwana ya yi ƙara, ya hau dogo, ya kife. Na ce laifin dogo ne, na warware na sake bugawa. Ya kife. Na ce nauyi ne bai isa ba, na ɗura masa darma a ciki. Ya kife da ƙarfi fiye da da. Na ƙara tsawon leɓe, wato sabbin ƙafafu shida, wato wata uku. Haka damina ta wuce, aka yi azumi, aka yi salla, wata daminar ta kama hanya.

Duk wannan Baba yana zaune a tsakar gida, taku goma daga ƙofar. Ya daina karanta jarida, sannan ya daina zuwa masallaci shi kaɗai saboda 'yan okada. Ina ganin haka hankalina yana ƙara tashi, ina ƙara kulle kaina. Sau biyu yana tambayata me ke faɗuwa a ɗakin nan, ina ce masa ba komai. An ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa nawa har da kunnuwa.

Wata Lahadi da hantsi jirgin ya sake kifewa, na fizge ƙafa ɗaya na yi jifa da ita ta ƙofa. Ta gangara har gaban tabarmarsa. Ya lalubo ta, ya juya, ya bi samanta da babban yatsa sau ɗaya.

"Ƙafar jirgi ce wannan?"

"E, Baba."

"To ai a kwance take. Ƙafar jirgi ba ta zama fulat, gangare gare ta, ta fi kauri ta wajen leɓe. A kwana, ƙafar waje ta hau kauri, ta ciki ta sauka siriri, shi ke juya jirgin. Leɓe mai gadi ne kawai. Wane oga ne ya koya maka?"

Na ce ba kowa. Ya ce ai ya ga alama, ya miƙo min ita.

Lamba ɗaya na canza a kwamfutar. Na ji haushin sauƙin abin fiye da duk wahalar da na sha. Wuta ta yi min adalci, cikin Asabar biyu na sake shidan, na yi fenti, na fito da katakon tsakar gida da rana tsaka, inda haske ya fi yawa. Na zaunar da Baba kusa, na sa batir. Jirgi ya sha kwana, ya zagayo, ya sake zagayowa. Maiɗakina tana ta tafi.

Baba ya karkata kai yana bin ƙarar da kunne, idonsa na kallon bango, can sama da inda jirgin yake. Sai da ya ƙirga zagaye biyar sannan ya ce tafiyar ta yi, ba ya jin gurza. Ya juyo wajena.

"Wane irin fenti ka yi masa?"