Ƙararrawar Asuba ta Limawa

Abdulrauf ɗan Buji ne, amma a Limawa aka san shi. Ya zo Dutse shekarar da ta zama babban birnin Jigawa, ya kafa rumfar gyaran keke kusa da gidan da nake haya, lokacin ina akawu a sakatariya. Dogo ne siriri, ba ya shiga mota sai dole. A keke yake zuwa Kafin Hausa gai da ƙanwarsa, a keke ya taɓa zuwa Maiduguri ya dawo. Amma abin da ya yi masa suna shi ne tashin asuba. Kafin ladan ya yi kiran farko, ya riga ya zaga lungunan unguwa yana kaɗa ƙararrawar kekensa, kuma ba a taɓa jin ya makara ba. Yara suka sa masa Zakara, ya amsa, har ya rubuta sunan da fenti a jikin keken.

A 1996 wata ƙungiyar mahaya keke a Malesiya ta gayyaci baƙi su ratsa ƙasar tare, daga kudu zuwa arewa. Aka ba da sunan Abdulrauf, ni na taimaka masa wajen fasfo. Na gaya masa can rana tana rigan tamu fitowa da nisa, ya yi dariya, ya ce idonsa bai taɓa neman taimakon agogo ba.

Abin da ya faru can, daga bakinsa na ji, bayan watanni.

Baƙin sun sauka ana gobe za a tashi. Dattijon da ke jagorantar tafiyar ya raba wa kowane ɗaki agogo mai ƙara. Abdulrauf ya mayar da na ɗakinsu, ya ce ta bakin tafinta a garinsu shi ke tashin unguwa guda. Magana ta bazu, aka yi ta raha, sauran ma suka bar nasu ba saiti, aka damƙa masa tashin kowa. An shirya a yi sallar asuba tare, a hau hanya da sanyin safiya.

Barci ya ƙi zuwa, domin jikinsa yana bin ranar Dutse. Ya ci goro don ya ƙarasa daren gaba ɗaya. Dab da asubar can, daidai lokacin da ake rufe ƙofofi a Limawa, ya jingina da bango yana jiran lokaci. Rana ce ta tashe shi, ta taga. Duk tawagar ta rasa sallah a kan lokaci, mutanen gari da suka fito rakiya suna tsaye a waje da tutoci.

Ba wanda ya yi masa faɗa, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Suka rama sallah, shi a sahun baya. Aka tashi cikin zafi. Kafin azahar gyangyaɗi ya kwashe shi a kan keke, ya faɗa magudanar ruwa a gefen gonar kwakwar manja. Dattijon nan ya ciro shi, ya kakkaɓe masa riga, da yamma ya ajiye masa agogon a kan katifa. Bayan 'yan kwanaki jikinsa ya saba, ya kai ƙarshen tafiyar tare da kowa, amma bai sake zama gaba wajen cin abinci ba.

Da ya dawo, aka tare shi a tasha da murna. Ya raba tsaraba, ya kwance ƙararrawar, ya goge sunan da ke jikin keken. Matarsa Rukayya ta ce wa masu tambaya gajiya ce. Ba wanda ya san labarin a Jigawa, amma ko a masallaci sai ya sunkuyar da kai.

Inna Kellu ce ta kawo ƙarshen abin. Tsohuwa ce daga Haɗeja, kunnenta ba ya kama kiran sallah, sai ƙararrawa a bakin tagarta. Ta zo rumfar ina zaune, ta ce tun dawowarsa take sallah rana ta fito, ko hawa jirgi ne ya sa ya fi ƙarfin talakawa? A nan ya ba da labarin duka, yana kallon tayar da ke hannunsa.

Ta ce, "To, Malam Zakara, ka makarar da mutanen wata ƙasa sau ɗaya, shi ne ka dawo kana makarar da ni kullum?"

Ya ce, "Inna, kunya nake ji."

"Ji kunyarka a kan keke. Tagata tana nan inda ka barta."

Washegari muka ji ƙararrawa. Har yau yana zagayen, sai dai Rukayya ta ce agogon Malesiya yana gefen shimfiɗarsa, kullum sai ya saita shi. Sunan kuwa bai sake rubutawa ba, kuma in yara suka kira shi da shi, ba ya waiwayowa.