Masussukarmu ta Yamma da Gari

Shekarar da aka ce za a gyara garinmu, wasu ma'aikata suka zo daga Tanut da babbar takarda a naɗe kamar tabarma. A cikinta akwai sabuwar tasha, da layin shaguna don samari su samu sana'a, da filayen gidaje. Ban ƙi ba. Ni ma na gaji da ganin 'ya'yanmu suna bin motocin Agadas.

Amma da safe na tarar da turken siminti na alamar tasha a tsakiyar masussukarmu, inda matan gari ke sussukar gero tun kafin a haifi uwata. Na zauna a kansa har babban ma'aikatan ya iso, wani mushe mai tabarau, kamar yadda muke kiran ɗan boko.

"Inna, tashi mana. Nan fili ne, ba kowa."

"Ba kowa? To ni aljana ce?"

Ya yi dariya, ya ce an ba mu wani wurin a gabas, har da rumfar kwano.

"Ɗan nan, ka taɓa sheƙe gero?"

"A ofis nake aiki, Inna."

"Na ga alama."

Duk yarinyar da ta isa ɗaukar ƙwarya ta san iskar rani daga gabas take busowa. Don haka kakanninmu suka kai sussuka yamma, ƙaiƙayi ya tafi daji. Na faɗa masa, ya ce an riga an sa hannu.

Ranar da suka tara maza a ƙofar mai gari don bayani, ba a kira mace ko ɗaya ba. Na bi gida gida. Muka ɗauki turame da dammunan gero, muka tafi gabas ɗin da suka ba mu. Muka sussuka, muka ɗaga ƙore sama muka yi ta sheƙa. Ba mu zagi kowa ba.

Kafin a gama gaisuwa, liman na susa, mai gari na atishawa. Mushen ya taho yana tuɓe riga, wuyansa duk ya yi ja.

"Inna, don Allah ku dakata!"

"Aiki muke a inda ka ajiye mu."

Bayan kasuwa biyu aka tone turken. Tashar ta koma bakin hanyar Gangara, can jikata ke sayar da fura yanzu. Sun dai gutsure mana gefe guda na masussukar, kuma ban yafe wannan ba.