Ƙibar Hure a Shekarar Yunwa

Hure mai daddawa ce, a wani ƙauye gabas da Zakirai. Tun tana budurwa siririya ce, mai saurin tafiya, mai zaƙin murya. In ta ƙwala kiran awakinta, har na maƙwabta sai sun taho.

Shekarar da ruwa ya ɗauke alhali gero na cikin bununi, kowa a garin ya rame. Maza suka ƙara huda a bel, mata suka koma kwaɗon tafasa da zogale. Hure kuwa sai ta fara ƙiba. Fuska ta cika, ƙafa ta kumbura, zani ya daina zagaye ta. Muryarta ta yi kauri, har rannan mai sallama ya ce mata, "Malam, ko matar gidan na nan?" Ga sanyi da take ji a tsakiyar bazara, ga barci. Sau biyu ana samun ta tana gyangyaɗi a kan turmi, taɓarya a hannu.

Gari ya ɗauka mijinta, Malam Isyaku, ya binne gero. Mata suka riƙa zuwa gaisuwa suna leƙa ƙarƙashin gado. Gwaggonsa Inno ta tare a gidan kwana huɗu don ta kama abin da Hure ke ci a ɓoye. Ba ta kama komai ba, ta koma gida da yunwa.

Ran da masu rubuta sunayen tallafin hatsi suka zo, Isyaku ya ce, "Hure, don Allah ki shige ɗaki. In suka gan ki, ko ƙwayar gero ba za mu samu ba."

Ta shige. Amma akuya ta faɗa wa daddawar da ta shanya, sai Hure ta fito ta kore ta. Mai rubutu ya dube ta, ya dubi Isyaku da ya zama kamar karan dawa, ya ce, "Malam, kai za mu rubuta. Hajiya dai a rage mata."

Hure ta yi kuka ranar, don ita ta san cikinta ba komai. Ƙanwarta Safiyatu ce ta lura wuyanta ya ɗan tasa, gashinta kuma na bin mataji. Ta sa ta a mota zuwa asibiti a Kano, Isyaku na biye.

Aka ɗebi jini. Likita ta ce akwai wani ɗan abu a maƙogwaro da ke hura wutar jiki, garkuwar jikin Hure ce ta juya tana yaƙarsa, shi ya sa komai ya yi sanyi.

Isyaku ya ce, "Likita, ki rubuta mini wannan a takarda. Masallaci zan kai."

Aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin karin kumallo, aka ce ba a dainawa. Cikin wata biyar kumburin ya sauka, barcin ya ragu, ta koma cin kasuwar Zakirai da ƙafa.

Yanzu in Hure ta je biki, wuyan mata take kallo. Ta tura uku asibiti. Biyu an same su da ciwon. Ta ukun, matar mahauci, likita ta ce lafiyarta ƙalau, kuma har yau matar ba ta gaida Hure.