Masu Daɗewa

A layinsu babu mai kiranta da sunan yanka, Inna Mai Ƙwai kowa ya sani. Tun 'ya'yanta na rarrafe take kiwon kaji a ɗakin bayan gida mai tagar waya, kuma da ƙwan nan ta raine su har suka zama mutane. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki. Ko zakara ya yi cara ba kan lokaci ba, sai ta ba shi amsa.

Sai ciwo ya kayar da ita. Tana kwance a asibiti 'ya'yan suka sayar da kajin kaf, wai don ta huta. Da ta dawo ta leƙa ɗakin, ta tarar an share shi tas, an kife mazuban ruwa a lungu. Abin ya ƙona mata rai, amma akwai wanda ya fi shi. Kowa a gidan ya koma yi mata magana ƙasa-ƙasa, komai ta ce sai a ce to. Matar da ta saba a yi ta sa-in-sa da ita, yau an daina yi mata musu. Ta gane sarai, bankwana suke yi da ita tun tana numfashi.

Ran nan da hantsi ta dogara sanda har shagon babban ɗanta, tela.

"Tashi ka kai ni gidan ƙyanƙyasa."

"Inna, da wannan jikin?"

"Naka na ce ka ara mini?"

Ya kai ta, yana tafe yana sauke ajiyar zuciya. Gidan ƙyanƙyasa ɗumi kamar an rufe mutum da bargo, kwalaye masu huji jere har kusa da rufi, 'yan tsaki na ta tsiyau-tsiyau. Ma'aikaciyar wurin ta buɗe kwali biyu a kan teburi.

"Mama, waɗannan na nama ne, farare. 'Yan makonni kaɗan sun isa sayarwa. Waɗannan kuwa jajaye ne masu ƙwai. Sai an yi watanni ana ɗawainiya kafin a ga ƙwan fari, amma in suka fara, sun fi shekara suna yi."

Tela ya yi caraf ya tura mata kwalin farare. "Ɗauki waɗannan, Inna. Nan da nan kin gama da su."

Ta ɗago ta dube shi. "In gama da su in je ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin dai ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Ya ce in riƙa shan magani. Ban ji ya ce in yi kiwon masu sauri ba."

Ta jingine sandar, ta jawo ɗaya kwalin. Ba ta bari an taya ta ba. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaukar su, ta duba ido, ta shafa cibiya, ta kwantar da kowane rigingine a tafin hannu. Wanda ya wuntsila ya miƙe, nata ne. Can ta ci karo da wani ɗan firit da ya yi ta harbin iska bai tashi ba. Ma'aikaciya ta miƙo hannu za ta canza mata.

"Ƙyale shi, yarinya. Ba ki ga ƙoƙari yake ba?"

Suka tsaya su uku suna kallo, har ya juya da kyar ya tsaya kan ƙafafunsa. Inna ta saka shi cikin nata.

Tela ya ɗauki kwalin, idonsa ya ciko da ƙwalla. A bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya ce a hasale, "Wallahi Inna taurin kanki ya yi yawa! Wa zai riƙa kwashe miki kashin kaji?"

Daɗi ya kama ta har cikin ƙashi. Rabon da wani ya ɗaga mata murya tun kafin asibiti.

"Kai mana, mara kunya," ta ce. Sannan ta waiga wajen ma'aikaciya. "Baɗi war haka ki ajiye mini irin waɗannan. Da ƙafata zan zo."